GYAƊA MAI FUMFUNA DA CIWON DAJIN HANTA



Yau bari mu leƙa cikin jiki. Jikinka an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace tana ɗauke da kundin umarni da ake kira DNA. Kullum wannan kundi yana shan wuya, ko daga hayaƙin taba, ko guba a abinci, ko ƙwayar cuta.

To idan ƙwaya ta ji jiki, me take yi? A cikinta akwai wani sinadari mai suna p53, wanda masana suka gano a 1979. Shi ne maigadinta. Da zarar kundin ya samu rauni, sai ya hana ƙwayar hayayyafa har a yi gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya sa ta mutu don kada ta haifi irinta. Amma ranar da maigadin kansa ya lalace, ƙwaya mai rauni za ta yi ta hayayyafa babu mai tsawata mata. Ta haka ciwon daji ke samun gindin zama. Kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam ana tarar da wannan maigadi a lalace.

Ina ruwan gyaɗa a nan? Gyaɗa ko masara da aka adana da danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sanadin abincin da aka haɗa musu da garin gyaɗa. Idan ka ci, hanta ce ke karɓarta, a nan kuma takan lalata umarnin da ke samar da p53 ɗin. In mutum yana da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yana ninkuwa sosai. Kuma fa dafuwa ko suya ba sa kashe wannan guba.

Don haka maigida da uwargida:

1. A shanya gyaɗa da masara su bushe ƙamas kafin a zuba a buhu ko rumbu.
2. A ɗora buhu kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.
3. A tsince wadda ta yamutse, ta sauya launi ko take ɗaci, a zubar. Kada a ce asara ce a kai ta ƙuli-ƙuli ko kunu, kada kuma a ba dabbobi.
4. Kowa a gidan ya je gwajin ciwon hanta. Jariri kuma a yi masa rigakafinsa cikin awa 24 da haihuwa.
5. Rama ba dalili, kumburin ciki ko ido ya yi rawaya, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Allah ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa, musamman masu ajiyar hatsi.