Gulbi Biyu, Gari Uku: Wurno, Rabah da Goronyo a Kan Ma'auni

Baƙon da ya taso daga birnin Sakkwato ya nufi gabas, ya wuce Achida, zai iya rantsuwa cewa duk ƙasar iri ɗaya ce. Gero da dawa a tudu, shinkafa da albasa a fadama, jar akuya tana tsallake titi ba ta ko kallon mota. Harshen ma ɗaya ne, Sakkwatanci tsantsa, inda mai shago zai ce maka "mi kaka so?", a kuma ba ka labarin wanda "yaz zo" da wadda "tat tahi". Amma zauna da manomin Boyekai, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Goronyo, ka ce masa Wurno da Rabah da Goronyo duk Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Dariya zai yi maka. Shi ya san garin da ake zuwa ziyara, ya san wanda ake zuwa ciniki, ya kuma san wanda ake ambata idan hira ta kai ga siyasar Arewa.

Alƙaluman ƙidayar 2006 sun goyi bayansa. Goronyo tana da mutum kimanin 182,000, Wurno 162,000, Rabah kuwa 149,000. Tazarar ba ta da yawa, sai an zo kan faɗin ƙasa. Wurno ba ta kai murabba'in kilomita 700 ba, Goronyo tana da wajen 1,700, Rabah ta haura 2,400. Ke nan Rabah ta ninka Wurno fiye da sau uku a girma, amma Wurno ta fi ta jama'a. A filin da mutum ɗaya yake zaune a ƙasar Rabah, kusan mutum huɗu ne suke zaune a irinsa a ƙasar Wurno.

Abin da ya raba su haka ruwa ne. Gulbin Rima yana ratsa ƙasar Goronyo, ya gangaro ta Wurno, ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Shehu. Rabah ba a kan Rima take ba. Tana bakin Gulbin Sakkwato ne, wanda yake tasowa daga wajajen Funtuwa ya biyo ta Gusau. Duk wanda yake son ya gane abin da ke shiga aljihun mutanen nan, da ma irin halinsu, to ya fara da tambayar wane gulbi suke sha, kuma wa ke riƙe da makullinsa.

Wurno ba gari ba ne da ya tsiro don kansa; kafa shi aka yi da niyya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina shi wajajen 1830 a matsayin ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da malamai da manoma don su tare hare-haren da ke fitowa daga wajen Gobir. Bello ba sansanin yaƙi kawai yake nufi ba. Ya so makiyaya su zauna wuri ɗaya, a yi noma, a yi sana'a, yara su yi karatu. Shi kansa ya tare a can, a can ya rasu a 1837, kuma hubbarensa yana nan har gobe ana ziyararsa. Bayansa ma sarakunan Musulmi da dama sun fi son zaman Wurno. A zamanin Aliyu Babba ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853. A 1885 kuma Joseph Thomson, wakilin kamfanin Ingila da daga baya ya zama Royal Niger Company, ya zo nan neman yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru. Na shekaru masu yawa, wanda yake son ganin mai mulkin daula mafi girma a wannan yanki na Afirka, Wurno yake dosa. Sai da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 sannan garin ya koma hedikwatar gunduma kamar sauran.

Gari ba ya manta irin wannan. Har yau akwai wata natsuwa ta gidan sarauta da zauren malamai a tattare da mutanen Wurno, da son a ambaci asali kafin a shiga magana. Sarautar Sarkin Sudan na Wurno tana da nauyi a majalisar Sarkin Musulmi, kuma marigayi Alhaji Shehu Malami, wanda ya taɓa zama jakadan Nijeriya a Afirka ta Kudu, ya daɗe yana riƙe da ita. Sai dai tarihi ba ya cika tukunya. Abin da ke cika ta a Wurno shi ne noman rani.

Inda ƙasa ta yi kaɗan jama'a suka yi yawa, gona ba ta hutawa. Da an cire shinkafar damina sai a gyara fangali, a shiga albasa da alkama da tafarnuwa. Tafarnuwar nan ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce asusun manomin fadama. Ana dasa ta idan sanyin hunturu ya kama, ta yi wajen wata huɗu a ƙasa, a cire a shanya. Idan ta bushe sosai tana iya yin watanni a ɗaki ba ta lalace ba, saboda haka mai ita yana da bakin cewa "ban sayar ba" idan dillali ya yi masa tayin wulaƙanci. Mai albasa ba shi da wannan gata. Albasa ruwa ce. Ko an jera ta a rudu an lulluɓe da ciyawa, zafin bazara da danshin farkon damina suna cin rabonsu, ga ruɓa ga tsiro. Shi ya sa a lokacin girbi buhu yake faɗuwa warwas, bayan 'yan watanni kuma ya yi tashin gwauron zabo, a daidai lokacin da yawancin waɗanda suka noma ta ba su da ko ƙwara ɗaya a hannu. Ribar tana wajen mai jarin ajiya da mai babbar mota.

Akwai madatsar Lugu, wadda aka yi don ta shayar da filin noman rani na Wurno ta hanyar magudanai. Ambaliya ta lalata ta, aka shafe shekaru ana alƙawarin gyara. Manoma ba su zauna jira ba. Sun haƙa ƙananan rijiyoyi a fadama, suka sayi injin ban-ruwa, wanda tuni ya kori jigon kakanni. Wannan dabara ta yi aiki muddin fetur yana da araha. Daga 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai, kowace garwar ruwan da ta shiga fangali sai da ta ci kuɗi.

To ina ruwan gulbin yake? Yana Goronyo, a bayan bango. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Tsawon bangonta ya kai kilomita 12, kuma an tsara ta ne ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ta gwamnatin tarayya, ita ke kula da ita. Aikinta a takarda mai sauƙi ne: ta tare ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani, manoman Falaliya da na ƙasa da su su yi ban-ruwa, birnin Sakkwato kuma ya samu na famfo. Tafkin da ya taru ya jawo masunta, kifi ya zama sana'a ta shekara cur. Wannan ya sa Goronyo ta fi maƙwabtanta kama da garin 'yan kasuwa. Baƙo ba abin kallo ba ne a nan. Kasuwarta ta ranar Lahadi tana tara mai hatsi da mai dabba, mai albasa da mai rogo da dankali, da fatake daga nesa.

Amma madatsa tana da fuska biyu, kuma mutanen Rima sun ga kowacce. A watan Satumban 2010 ruwa ya yi mata yawa, abin da ya kwararo daga cikinta ya shafe ƙauyuka da gonaki, ya raba dubban mutane da gidajensu, ya je har Sakkwato ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shekara takwas bayan nan, a 2018, sai ga akasin haka: ruwan ya janye har aka ba da rahoton cewa bai fi kashi ɗaya cikin goma na abin da ya kamata ba. Ƙarancin ruwan sama yana cikin dalilan, amma akwai wani mai aiki a ɓoye. Duk ruwan da ya gangaro yana ɗauke da yashi da laka. A da gulbi yakan watsa lakar nan a fadama, ta zama taki kyauta. Yanzu idan ruwan ya iso tafki ya tsaya cik, sai ta kwanta a ƙasa. Shekara bayan shekara cikin tafkin yana cikewa, kamar randar da ake zuba wa ƙasa: ba ta ɗaukar ruwa da yawa da rani, kuma ba ta da wurin ajiye rarar damina. Manomin Wurno da ke ƙasa yana asara sau biyu, ba lakar, ba kuma tabbacin ranar da za a buɗe ƙofa ko a rufe.

Rabah kuwa, da an ambace ta sunan mutum ɗaya ke faɗowa a rai. Nan aka haifi Sir Ahmadu Bello. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin garin, kakansa kuma Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello. Ka ga ke nan jinin da ya kafa Wurno shi ne ya riƙe Rabah. Ahmadu ya bar koyarwa a makarantar Midil ta Sakkwato ya zama hakimin Rabah a 1934, ya samu sarautar Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, aka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966. Masoyansa sukan kafa hujja da cewa bai kwashe arzikin Arewa ya kai garinsu ba, kuma duk wanda ya ga Rabah zai yarda. Yabo ne a gare shi. Ga waɗanda suka yi mulki shekara sittin bayansa kuwa, abin kunya ne.

Ba sarauta kaɗai ƙasar ta haifa ba. Daga 'Yar Tsakuwa ta gundumar Gandi Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya fito, makaɗin da ya ɗaukaka sunan ɗan dambe Shago, wanda manoma da 'yan dambe suke jin muryarsa har yau jikinsu ya tsuma. Wannan ya dace da ƙasar: fili mai faɗi, noman damina, kiwo, maza masu alfahari da ƙarfin damtse. Dukiyar Rabah a tudu da garke ta fi yawa, shanu da tumaki da jar akuyar nan da fatarta ta yi suna tun zamanin fataken Sahara. Fadamarta ma tana da nata mai makulli, wato madatsar Bakolori da ke can sama kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978. Tun daga lokacin ambaliyar shekara-shekara da ke jiƙa fadamun ƙasa da ita ta ragu, shinkafar gargajiya da kamun kifi suka ja baya.

Faɗin ƙasar da ya zama arzikin makiyayi shi ne kuma ya zama ƙofar masifa. Dajin Gundumi, wanda ayarin fatake suke ratsawa da fargaba tun zamanin Barth, ya koma maɓoyar 'yan bindiga. A watan Yulin 2018 suka afka wa ƙauyen Tabanni suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka cika Gandi suna gudun hijira. Mutanen fadama sun ɗauka abin na mutanen daji ne, sai ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021, da aka buɗe wuta a tsakiyar kasuwar Goronyo. Gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka mutu. Hanyar Marnona zuwa Isa ta cikin Gundumi ta zama wadda direbobi ke gudu. Idan makiyayin Rabah ya rasa shanunsa, kasuwar Achida ce ke ramewa. Idan fatake suka ji tsoron Goronyo, albasar Boyekai ce ke ruɓewa a rudu. Haka ma idan aka rufe iyakar Illela, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023: mai shinkafa yakan ɗan ji daɗin farashi, mai dabba da mai kayan gwari su kwana da ciwon kai.

Wani abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne yadda taswirar siyasa ta saɓa wa ta ruwa. A Majalisar Wakilai ta tarayya, Wurno da Rabah ne suke da kujera ɗaya, Goronyo kuma an haɗa ta da Gada. Ta fuskar zumunci da tarihi hakan daidai ne. Ta fuskar abinci kuwa, abokiyar cin Wurno ita ce Goronyo, domin gulbi ɗaya suke sha, kuma abin da aka yanke a bakin ƙofar madatsa shi ke nuna ko tafarnuwar bana za ta yi kai. Ba wakili ɗaya da aikinsa shi ne ya yi magana da yawun Rima daga tafki zuwa Lugu.

Dukkan ukun dai suna ƙarƙashin sanata ɗaya, na Sakkwato ta Gabas, kuma abin da manoman ke nema ba ya da tsawo. A yashe tafkin Goronyo. A kammala gyaran Lugu har ruwa ya isa fangalin ƙarshe. Hukumar kogunan ta riƙa sanar da ranakun sakin ruwa tun kafin a dasa iri, ta rediyo da bakin hakimai, ba sai ruwa ya iso ƙofar gida ba. A tsare hanyar Gundumi yadda mai akuya daga Gandi zai kai ta kasuwa ya dawo da kuɗinsa. Masu neman ƙuri'a za su sake zuwa Boyekai da Achida da Gandi. Idan sun zo, a tambaye su waɗannan huɗun, ɗaya bayan ɗaya, kafin a karɓi atamfa.