Amsar Tambaya: Wane Keken Tura Yara Ne Zai Iya Hanyar Ƙauye?

Kamar yadda aka saba, ga amsar da muka bayar a gidan rediyo mun kawo ta wannan shafi, domin wanda bai ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya adana.

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, daga wani ƙauye a yankin Dambatta. Ya ce mai ɗakinsa ta yi kwanika, tana da yaro ɗan shekara 2, ga kuma jinjira 'yar wata 3. Duk ranar awo ko rigakafi sai ta goya ɗaya ta saɓa ɗaya, ta yi tafiya mai nisa zuwa asibitin sha-ka-tafi, ta dawo tana kukan ciwon baya. Ya ce ya ga keken tura yara mai wurin zama biyu wajen 'yan gwanjo a birni, har ya taya. Yana son ya san asalin wannan keke, ko zai iya hanyarsu mai rairayi da tsakuwa, da kuma abin da ya kamata ya duba kafin ya ba da kuɗinsa.

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah Ya raya yara. Amsar a taƙaice ita ce, abu biyu ne za su zaɓa maka keke, wato hanyar da za a bi da shi da kuma watannin yaran. Kyan launi da arha su biyo baya.

Asalin keken

Keken yara ya samo asali ne daga Ingila. A shekarar 1733 wani mai tsara gine-gine da lambuna, William Kent, ya ƙera wa 'ya'yan wani basarake ɗan amalanke wanda akuya ko ƙaramin doki ke ja. Daga baya aka mai da shi na turawa da hannu. A 1965 kuma wani injiniyan jiragen sama, Owen Maclaren, ya fito da wani maras nauyi na ƙarfen alminiyam, wanda ake naɗewa kamar lema. Irinsa ne ya cika duniya, kuma shi kuka fi gani a gwanjo, mai 'yan ƙananan tayoyin roba. An yi shi ne domin kwalta da daɓen siminti.

Mai iya hanyar daji ya zo ne daga baya. Wani ɗan jarida a Amurka, Phil Baechler, yana son ya riƙa gudun motsa jiki tare da ɗansa, sai ya sa wa keken yara tayoyin keken hawa guda uku. Ya kafa kamfanin Baby Jogger a 1984. A 1992 kuma aka fara yin Mountain Buggy a ƙasar Niyu Zilan, domin bin hanyoyin tsaunuka. Wato ke nan kekunan iri biyu ne, ko da yake a ido duk keke ne. Wanda bai san wannan ba sai ya sayi na birni ya kai ƙauye, a wayi gari ya zama abin wasan yara a tsakar gida.

Fara da taya

Kai manomi ka san dalilin da ya sa amalanken shanu mai tayar mota ke ratsa rairayi, alhali ƙaramar taya sai ta nutse. Babbar taya tana hawa kan tsakuwa ta wuce, ƙarama kuwa sai ta ci karo da ita ta tsaya cik, yaro ya yi gaba. To haka abin yake a nan. Kekunan da aka yi domin muguwar hanya yawanci tayar gaba inci 12 ce, na baya kuma inci 12 ko 16. Duk keken da tayarsa ba ta wuce faɗin tafin hannunka ba, bar shi a wurin, ko nawa aka rage maka.

Tayoyin kuma iri uku ne. Akwai ta roba mai tauri, wadda ba ta da laushi ko kaɗan, duk ramin da ta faɗa sai jikin yaro ya ji. Akwai mai iska, mai tif a ciki kamar ta keken hawa. Ita ta fi laushi, amma ka san halin tsidau da ƙayar aduwa. Sauƙinta shi ne inci 12 da 16 su ne girman tayoyin kekunan hawa na ƙananan yara, saboda haka mai facin keke zai iya yi maka faci ko ya nemo maka tif. Sai dai ka tanadi famfo a gida. Ta uku ita ce wadda aka cika cikinta da soso mai tauri a maimakon iska. Ba ta faci, laushinta bai kai na mai iska ba, kuma in ta cinye samun wata a nan sai an sha wuya.

Ka kuma duba tayar gaba. Wasu tana juyawa ko'ina, abin da ke da daɗi a cikin kasuwa ko asibiti, amma a kan tsakuwa sai ta riƙa rawa tana karkatar da keken. Nemi wanda yake da ɗan makulli na tsai da ita ta fuskanci gaba sosai. A muguwar hanya a kulle, a daɓe a buɗe.

Gefe da gefe, ko gaba da baya?

Keken yara biyu ko dai yaran su zauna kafaɗa da kafaɗa, ko ɗaya gaba ɗaya baya. Na kafaɗa da kafaɗa ya fi tsayawa daram, ya fi sauƙin ɗagawa a tsallake kwata, kuma akasarin waɗanda aka yi domin muguwar hanya irinsa ne. Matsalarsa faɗi, don yakan kai wajen santimita 75 zuwa 80. Ba kowace ƙofar zaure zai shiga ba, balle 'yar turbar da ta ratsa tsakanin gonaki da damina. In kuma yaro ɗaya ya fi ɗaya nauyi sosai, sai keken ya riƙa ja zuwa gefen mai nauyin. Na gaba da baya siriri ne, amma dogo, juya shi da ɗaga gabansa sai da ƙarfi.

Ga wata dabara. Ka yanki kara daidai faɗin ƙofar zaurenka, ka tafi da shi kasuwa ka gwada a kan tayoyin baya, domin nan ne keken ya fi faɗi. Kada ka manta da nauyi ma. Irin wannan keke shi kaɗai yakan kai wajen kilo 15. In ka haɗa da yara biyu da 'yan kayansu, mai ɗakinka za ta tura abin da ya doshi kilo 35 ko fiye. A kan tsandauri ba komai ba ne, amma a cikin rairayi aiki ne ja.

Watannin yaro

A nan ne nake son ka saurara da kyau. Jariri da bai kai wata 6 ba wuyansa bai yi ƙwari ba. In aka zaunar da shi a kishingiɗe, kansa zai iya langaɓewa gaba har haɓarsa ta taɓa ƙirji, hanyar numfashi ta matse, kuma ba lalle ne ya yi kuka a ji ba. Saboda haka jinjirarka ba za ta shiga keke ba sai wanda wurin zamansa ke kwantawa shimfiɗe kamar gado, a kwantar da ita rigingine. Ko da an sami hakan, girgizar hanyar tsakuwa ba ta dace da ita ba tukuna. A bari sai ta riƙe kanta, ta fara zama.

Kowane keke kuma akwai iyakar nauyin da aka yarda a ɗora masa, yawanci kilo 15 ko 22 a kowane wurin zama. Za ka ga an rubuta a 'yar takardar da aka manna a jikin ƙarfen ko ƙarƙashin wurin zama. In ka ga an rubuta EN 1888, alama ce an yi shi bisa ƙa'idar ƙasashen Turai. In ASTM F833 ne, ƙa'idar Amurka ce. Katin awo zai gaya maka nauyin yaranka.

Abin dubawa a kayan gwanjo

Kayan gwanjo ba a mayarwa, don haka yi gwajinka a gaban mai kaya. Ɗora jarkar ruwa mai lita 10 a kowane wurin zama, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tura shi a kan ƙasa, ka ga ko yana tafiya sosai ko yana karkata. Taka birki ka tura da ƙarfi. In tayoyin baya suka motsa, birkin ya mutu. Girgiza kowace taya ka ji ko boris ya cinye, ka tabbata tayar gaba ta ɗauru gam, don in ta fita ana cikin tafiya keken kifewa zai yi. Duba ƙarfen ko akwai tsaga, tsatsa ko tabon walda.

Sai bel ɗin ɗaure yaro. Wanda ya fi shi ne mai igiya biyar, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu. Keken da ba shi da ta tsakanin ƙafafu akwai haɗari, domin yaro na iya sulalewa ƙasa kansa ya maƙale. Kowane wurin zama ya kasance da nasa cikakke, kuma makullin yana kamawa.

A ƙarshe buɗe shi ka naɗe sau uku ko huɗu. In an buɗe, dole ya kulle kansa yadda ba zai naɗe da yaro a ciki ba. Ka lura da mahaɗar ƙarfen inda yake lanƙwashewa. A 2009 kamfanin Maclaren ya yi kiranye a kan kekuna wajen miliyan ɗaya a Amurka, bayan an sami rahotannin yaran da wannan mahaɗa ta datse musu kan yatsa. Kowane irin keke ne, kada a buɗe ko a naɗe yaro yana kusa.

Bayan an saya

'Yan kasuwa, ku nake wa magana. Keken yara ba baro ba ne. Kada a rataya ƙullin kaya a hannun turawa, don nauyin zai ɗaga gaba ya kifar da yaran ta baya. Ƙananan kaya a sa su a kwandon ƙasa. Kada a ɗaure shi a bayan keke ko babur. Duk inda aka tsaya a taka birki, ko da wurin ya yi kama da shimfiɗaɗɗe. Kada kuma a bar wa yayyensu ƙanana su tura, musamman kusa da kududdufi, rijiya ko bakin titi.

Sai batun zafi. Iyaye mata sukan lulluɓe keken da zani ko mayafi domin rana, su a ganinsu gata ne. To wannan yana toshe iska, ciki ya ɗau zafi kamar ɗakin kwano da tsakar rana, ga shi jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. A ƙasarmu da bazara zafi kan haura digiri 40. A yi amfani da rumfar keken, a bar gefe a buɗe, a yi sammako, a kuma riƙa leƙa yaro ana taɓa jikinsa. In sauro ake gudu da yamma, gidan sauro za a sa, ba zani ba.

Shawararmu

Gaskiya ɗaya ce. Babu keken da zai bi kunyoyin gona, ko zurfin rairayi, ko taɓon damina. A can goyo ne sarki, kuma su kansu Turawan da suka ƙera keken suna sayen majanyin zamani su goya 'ya'yansu in za su shiga daji. Inda keke ke da amfani shi ne hanyar burji, da tsandauri, da cikin gari.

Saboda haka Malam, kafin komai ka taka wannan hanya ta asibiti da ƙafarka, kana tura baro da ɗan kaya a ciki. Inda baro ya sha wuya, keke ma zai sha. In hanyar ta yi, to a halin da kake ciki mun fi ba ka shawarar ka sayi keke mai wurin zama ɗaya, mai manyan tayoyi, domin babban yaron, ita kuwa jinjira ta ci gaba da zama a bayan uwarta. Ya fi arha, ya fi sauƙin turawa, zai shiga zaure, kuma in yayan ya yi ƙwarin tafiya sai ƙanwar ta gaje shi. Mai wurin zama biyu ya fi dacewa da masu tagwaye, su ma bayan yaran sun fara zama. In kuwa hanyar ba ta yi ba, riƙe kuɗinka, ka nemi wanda zai riƙa raka mai ɗakinka ranar awo ya ɗaukar mata yaro ɗaya, ko kai da kanka. Kowane hali ake ciki dai, kada nisa ya sa a fasa rigakafi.

Da fatan ka gamsu. Sauran masu takardu ku ƙara haƙuri, muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.