Masu Riƙe da Alƙaluman Jazira

Kafin ruwa ya iso gonar manomi a yankin Hasahisa, sai ya fara bi ta kan takarda. Haka aka tsara aikin noman Jazira a ƙasar Sudan tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925. A da, sufeton shiyya, wanda manoma ke kira mufattish, zai lissafa fadan (ma'aunin fili) nawa aka shuka da abin da aka shuka, ya aika wa injiniyoyi buƙatar ruwa, su haɗa ta da ta sauran shiyyoyi, sannan a san yadda za a buɗe ƙofofin ruwa. Bayan an ƙara yankin Manakil, filin ya haura fadan miliyan 2. Idan lamba ɗaya ta karkace a ofis, manomin da hawasharsa, wato gonar da aka ba shi, take ƙarshen magudana shi zai kwana da ƙishirwar auduga.

Saboda haka shugabancin masu nazarin alƙaluma tsohon aiki ne a Jazira, ko da yake a da babu kwamfuta, sai manyan littattafai a hedikwatar Barakat da gonar bincike ta Wad Madani. Tarihin wurin ya nuna cewa shugaban da ya fi amfani shi ne wanda yake mayar da ma'aikatansa ɗalibai kowace kaka.

A duba abin da ya faru da feshi. A shekarun 1970 an tsananta fesa maganin ƙwari daga jirgin sama domin kashe tsutsar auduga. Takardu suna nuna an yi feshi kan lokaci, kuɗi ya fita yadda aka tsara, amma farin ƙuda sai ƙaruwa yake, yana bar wa auduga danƙo har darajarta ta faɗi a kasuwannin waje. Ba a ga dalilin ba sai da masana suka sauya tambaya. Suka shiga gona suna ƙirga ƙwarin da ke cin farin ƙuda, suka tarar maganin yana gamawa da su. Daga 1979 Hukumar Binciken Aikin Gona ta Wad Madani da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fara shirin da ya koya wa ma'aikata ƙirga ƙwari a ganye kafin a ba da izinin feshi, daga baya aka buɗe makarantun manoma a bakin gona. Ma'aikacin da ya shekara ashirin yana cika takardar feshi sai ga shi a durƙushe yana juya ganye. Wannan ba ƙasƙanci ba ne, kuma shugabannin da suka fahimci haka su suka rage asarar.

Darasi na biyu ya fi taɓa gidaje. A shekarar 1979 ɗin aka kafa Shirin Lafiya na Nilu Shuɗi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarƙashin Dakta Ahmad Ayyub al-Gaddal, domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da gudawa. An ware ƙauyuka ana bibiyarsu shekara-shekara: ana gwada jini da bayan gida, ana ƙirga sauro da katantanwar magudana. Da alƙaluma suka nuna sauro ya daina jin wani magani, sai a sauya, a sake horar da masu feshi da masu duba madubin gwaji. Tsargiya ta ragu ƙwarai. Da shirin ya ƙare bayan shekara goma, bibiya ta yi rauni, ba a jima ba zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa.

Akwai giɓin da ya kamata a faɗe shi ƙarara. Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa. Wasu mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Nilu Shuɗi. Da hannunsu aka tsinci audugar Jazira. Amma littafin hukuma mai hawasha ya sani, shi ake rubutawa da bashinsa da ribarsa. Leburan da ke zaune a kambo, wato zangon leburori a gefen magudana, inda tsargiya ta fi kamu, sau da yawa ba ya cikin lissafin da ake gina makaranta ko rijiya da shi. Shugaban da bai koya wa tawagarsa tambayar “wa muka bari a baya?” ba, rahotonsa zai fito tsaf, amma da sauran mutane a waje.

Yanzu aikin ya ƙara nauyi. Yaƙi ya shiga Jazira a Disamban 2023, ofisoshi da cibiyoyin bincike na Wad Madani suka sha ɓarna, sojojin gwamnati suka sake karɓe birnin a Janairun 2025. Dole a sake ƙirga magudanan da suka toshe, da gonakin da aka bari, da iyalan da suka koma gida. Hotunan tauraron ɗan'adam da wayar hannu za su taimaka, amma tsofaffin sufetoci da gafirai masu tsaron ruwa su suka san wace ƙofa ce ke yoyo. Ya kamata duk wanda aka ɗora kan wannan lissafi ya zaunar da su teburi ɗaya da matasan da suka fito daga Jami'ar Jazira, kowa ya koya wa ɗan'uwansa, ya kuma ɗauki samari da 'yan matan ƙauyukan Hausawa masu jin Hausa da Larabci su shiga kowane kambo gida-gida da takardar ƙidaya.