Shayin jan kuloba da ɗaukewar al'ada

Jan kuloba tsiro ne mai fure ja-ja, wanda masana tsirrai ke kira Trifolium pratense. Asalinsa Turai ne da yammacin Asiya da arewa maso yammacin Afirka. Ɗan dangin wake da gyaɗa ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa manoman Turai suka daɗe suna shuka shi don ciyar da shanu da tumaki. Busasshen furensa ake jiƙawa a ruwan zafi a sha kamar shayi.

Abin da ya jawo hankalin mata gare shi wasu sinadarai ne da ake kira isofilabon, waɗanda ke kwaikwayon aikin estrojin a jiki, ko da yake ƙarfinsu bai kai nasa ba ko kusa. Estrojin kuwa shi ne sinadarin da ke raguwa idan al'adar mace ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sai zafi ya riƙa taso mata kwatsam, ta riƙa jiƙewa da zufa cikin dare, barci ya gagara. Ba a wurin mata aka fara gano tasirin waɗannan sinadarai ba. A shekarun 1940 makiyaya a yammacin Ostareliya suka ga tumakinsu sun daina ɗaukar ciki, bincike ya nuna wani ɗan'uwan kuloba da suke kiwo a kai ne sanadi.

Kasuwar irin waɗannan ganyayyaki ta buɗe sosai bayan 2002, lokacin da wani babban bincike a Amurka ya nuna haɗarin da ke tattare da wani nau'in maganin homon na asibiti da ake ba mata bayan ɗaukewar al'ada, mata da yawa suka tsorata suka ajiye shi. Sai dai sakamakon gwaji bai goyi bayan tallan da ake yi ba. A 2003 mujallar likitanci ta JAMA ta buga gwajin da aka yi wa mata 252 na tsawon mako 12 da ƙwayoyin Promensil da Rimostil, waɗanda aka tato daga kuloba. Zafin ya ragu, amma kusan haka ya ragu ga waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Nazarin da ƙungiyar masu bincike ta Cochrane ta yi a 2013 ma bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar amfaninsa ba. Wasu nazarce-nazarcen baya sun ga ɗan sauƙi, amma kaɗan ne.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa: an yi waɗannan gwaje-gwaje ne da ƙwayoyi masu awon sinadari sananne, ba da shayi ba. Abin da ke cikin kofi ya danganta da irin furen, da yadda aka busar da shi, da tsawon jiƙawa.

Kasancewarsa ganye bai sa ya dace da kowa ba. Mai ciki da mai shayarwa su ƙaurace masa. Wadda ta taɓa fama da sankarar mama ko ta mahaifa, ko take shan tamoksifen, ko maganin tsinka jini irin su warfarin, kada ta sha sai da shawarar likita. Macen da jini ya dawo mata bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada kuwa, asibiti ya kamata ta nufa a duba ta ba tare da jinkiri ba, domin hakan na iya zama alamar farko ta sankarar mahaifa.