Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Gano Iskar Radon a Ruwan Sha

Ko ka san cewa ruwan rijiyar burtsatse na iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, amma yana ɗauke da wata iska mai illa? Sunanta radon. Wani masani Bajamushe, Friedrich Ernst Dorn, ya gano ta a shekarar 1900. Asalinta yuraniyam ne da ke cikin duwatsu, musamman dutsen giranit. Yuraniyam yana rikiɗa sannu a hankali ya zama rediyam, rediyam kuma ya haifar da radon. Iskar tana ratsa tsagogin dutse ta narke a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa ruwan burtsatse da aka haƙa cikin dutse ya fi ɗauke da ita, ruwan kogi da na tafki kuwa kaɗan ne ke cikinsu, domin suna buɗe tana ficewa.

Abin mamaki, shan ruwan ba shi ne babban haɗarin ba. Haɗarin yana cikin numfashi. Duk lokacin da aka yi wanka, ko wanki, ko aka tafasa ruwa a ɗaki rufe, radon na fita ta gauraya da iskar ɗakin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya radon a matsayi na biyu, bayan taba sigari, cikin abubuwan da ke jawo sankarar huhu.

To, ta yaya ake auna abin da ido bai gani? Ɗaya daga cikin na'urorin da aka fi amfani da su ita ce RAD7, ta kamfanin Durridge na Amurka. Aikin yana farawa tun daga bakin famfo. Mai ɗiban ruwa yakan bar famfon ya zuba na ɗan lokaci, sannan ya cika kwalbar mililita 250 a hankali har ta tumbatsa, ya rufe ta ba tare da ko kumfa ɗaya ba. Radon kamar iskar lemon kwalba take: da zarar an girgiza ko an bar baki buɗe, ta tafi.

Daga nan sai a jona kwalbar da na'urar. Wani ɗan famfo yana hura iska cikin ruwan na minti biyar, kumfa na tashi, tana kwaso kusan dukkan radon ɗin. Iskar ta bi ta bututu mai sinadarin tsotse danshi, domin laima na rage ingancin awo, sannan ta shiga wani ƙoƙo da ke cikin na'urar. A nan radon ke rikiɗa ta zama poloniyam. Ƙarfin lantarki yana jawo poloniyam ɗin ya manne a jikin wani ɗan falle na silikon, wanda ke ƙirga kowace ƙwayar alfa da poloniyam ɗin ke fitarwa yayin rikiɗarsa. Cikin kusan rabin awa sakamako ya fito.

Ma'aunin shi ne bekerel, wato rikiɗar ƙwayar zarra guda a kowace daƙiƙa. A 2013 Tarayyar Turai ta tsayar da bekerel 100 a kowace lita a matsayin mizanin ruwan sha. Akwai kuma batun lokaci: duk bayan kwana 3.8 rabin radon ɗin ke ƙarewa. Don haka dole a rubuta ainihin sa'ar da aka ɗebi ruwa, a yi lissafin abin da ya ragu kafin awo. A Najeriya, masu bincike sukan kai samfurin ruwa Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ake amfani da wata hanyar daban: a haɗa ruwan da sinadarin da ke ƙyalli idan ƙwayar alfa ta buge shi, na'ura ta ƙirga ƙyallin.

Idan awo ya nuna radon ta yi yawa, maganin bai da wuyar fahimta. Ana hura iska cikin tankin ruwa a waje kafin ya shiga gida, ko a tace shi da gawayi na musamman. Ajiye ruwa a buɗaɗɗen tanki ma yana rage ta, haka barin tagar banɗaki a buɗe. Amma fa sai an auna ake sani, domin burtsatse biyu a unguwa ɗaya na iya ba da sakamako mabambanta ƙwarai.