Lissafin lambobin da ba sa daina zuwa: abin da ya kamata ku sani

Mai POS a Kasuwar Wunti ba ya jiran dare kafin ya san kuɗin da suka bi ta hannunsa. Duk wanda ya cire kuɗi, sai ya ɗora a kan jimillar da ke kansa. Haka manhajojin bankuna da kamfanonin waya suke yi da bayanan da ke kwararowa dare da rana, domin yawansu ya fi ƙarfin a tara su sannan a zauna lissafi.

Dabarar ita ce kowane lissafi ya riƙe ɗan abin da yake bukata kawai. Mai neman lamba mafi girma ya riƙe guda ɗaya tak, mai neman matsakaici ya riƙe jimilla da yawan lambobin. Sai a haɗa su wuri guda, lamba ta shigo sau ɗaya, kowa ya sabunta nasa. A harshen kwamfuta na C++ akwai Boost.Accumulators da ke yin wannan aiki. A Java kuwa, tun fitowar Java 8 a 2014, DoubleSummaryStatistics na ba da yawa, jimilla, mafi ƙanƙanta, mafi girma da matsakaici a lokaci guda.

Inda ake tuntuɓe shi ne haɗa lissafin wurare biyu. A ce shagon Wunti ya sallami mutum 300, matsakaicin cirarsu naira 5,000, na Kasuwar Muda Lawal kuma mutum 20, matsakaicinsu naira 50,000. Wanda ya haɗa matsakaitan ya raba biyu zai ce naira 27,500. Kuskure ne babba. Kuɗin duka naira miliyan 2.5 ne, mutanen 320, amsar ba ta ma kai naira 8,000 ba. Shi ya sa kowane shago dole ya aiko da jimillarsa da yawan mutanensa. Wannan darasi ne da nake ganin bai kamata ɗalibin kwamfuta ya bar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa bai riƙe shi ba.

Auna yadda lambobi suka warwatsu ya fi wuya, amma an samo bakin zaren: wani masani mai suna Welford ya nuna yadda ake yinsa lamba bayan lamba a 1962, masana Chan da Golub da LeVeque kuma suka nuna yadda ake haɗa ɓangarori biyu a 1979.

Lambar da ke tsakiyar jeri ce mai taurin kai. Ba a samunta daidai da 'yan lambobi kaɗan a hannu, sai dai a yi kiyasi da dabaru irin t-digest na Ted Dunning, kuma mai rahoto ya faɗa wa mutane cewa kiyasi ne.