An Soke Hawa, An Soke Tsere: Ina Makomar Kuɗin Jama'a?

Ana saura kwanaki kaɗan a yi ƙaramar Sallar 2025, rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sanar da hana hawan Sallah a faɗin jihar bisa dalilan tsaro. Haka aka yi a babbar Sallar 2024, lokacin da rikicin sarautar Kano ya yi ƙamari. An yi ta maganar abin da birni ya rasa, ballantana ma a Disambar 2024 ne UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa. Sai dai umarnin bai tsaya a Ƙofar Kudu ta fadar Kano ba. Ya shafi har masarautar Gaya, wadda dokar Yulin 2024 ta maido a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta.

Duk wanda ya san yadda ake shirin hawa ko sukuwa a ƙasar Gaya ya san kuɗi kan riga ranar fita. Saurayi daga Kademi ko Toranke zai ba mai doki kafin alƙalami tun ana cikin azumi. An kama makaɗa da mai algaita, an kama motar da za ta ɗauko dawaki, an biya mai rumfa da kujeru. Haka abin yake a gasar ƙwallo ta cin kofi, inda kowace ƙungiya ke zuba kuɗin shiga, da filin dambe da ake karɓar kuɗin ƙofa, da tseren gudu da ake sayar da fom. Rana ɗaya a ce an fasa. Wanda ya je neman kuɗinsa ya san amsar da ke jiransa: "Ai ba laifina ba ne," ko "Ka yi haƙuri, haka Allah ya so," ko kuma a nuna masa rubutun da ke gindin rasiɗi cewa ba a mayar da kuɗi.

Soke taro kan zama dole, kuma babu mai hankalin da zai fifita kuɗin hayar doki a kan ran mutum. Abin da ba dole ba shi ne a bar asarar gaba ɗaya a wuyan wanda ya biya bai samu komai ba.

Manyan tseren gudun fanfalaki na duniya sun sha wannan rigima. A Nuwamban 2012, bayan guguwar Sandy ta yi ɓarna a birnin New York na Amurka, an soke tseren birnin ranar Juma'a, alhali Lahadi za a yi shi, baƙi kuma sun riga sun sauka daga ƙasashe da dama. Ƙa'idar masu shiryawa ita ce ba a mayar da kuɗi, amma a watan Disamba suka ba kowa zaɓi: ya karɓi kuɗin rajistarsa, ko a tanadar masa gurbi a 2013 ko 2014 ko 2015. A Tokyo ta Japan kuwa, da cutar korona ta kunno kai a 2020, an hana kimanin mutum 38,000 shiga tseren, aka bar ƙwararru kaɗai, kuma ba a mayar wa jama'a kuɗinsu ba, domin sharaɗin da suka amince da shi wajen rajista bai tanadi hakan ba. A nan Afirka, a Oktoban 2025 iska mai ƙarfi ta sa an soke tseren Cape Town da asubar ranar da za a yi shi, kamfanin da ke ɗaukar nauyin gasar ya yi alkawarin biya wa mutane kuɗin shiga na wata shekara mai zuwa. Bambancin da ke tsakanin waɗannan ukun ya ta'allaƙa ne ga abin da aka rubuta tun farko, da kuma ko akwai inshora ko mai tallafin da zai ɗauki asarar.

Shari'ar da ta fi kama da tamu ma ta hawan sarki ce. A Yunin 1902 aka ɗage bikin naɗin Sarkin Ingila Edward na Bakwai saboda rashin lafiyar da ta kai ga yi masa tiyata. Wani mutum ya riga ya kama hayar ɗakuna a titin Pall Mall na Landan kan fam 75 don ya kalli wucewar sarki, ya ba da fam 25 kafin alƙalami. Mai gida ya kai ƙara yana neman cikon fam 50. A 1903 kotun ɗaukaka ƙara ta ce babu cikon da za a biya, domin kowa ya san kallon hawa ne tushen cinikin, kuma tushen ya rushe ba da laifin kowa ba. Kotunan Najeriya sun gaji wannan ƙa'ida daga dokar Ingila.

Amma mutumin Gaya ba ya bukatar zuwa Landan kafin ya sami hujja. Tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu. A mazhabar Malikiyya, haya ciniki ne na amfani, idan kuwa amfanin ya gagara samuwa to hayar ta warware. Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa cikin abubuwan da ke warware haya har da a ce mai mulki ya ba da umarnin rufe shaguna, wato ɗan haya ba zai biya kuɗin kwanakin da hukuma ta hana shi amfani da wurin ba. Kusancin wannan da hana hawa a bayyane yake. Sannan babin ciniki na Muwaɗɗa ta Imam Malik ya buɗe ne da hani a kan cinikin da mai kaya zai cinye kafin alƙalami idan aka fasa. Hambaliyya sun halatta shi, amma ko su suna magana ne kan wanda ya fasa don ra'ayin kansa. Wanda hukuma ko ruwan sama ya hana, batunsa daban ne. Saboda haka faɗin "haka Allah ya so" gaskiya ne, sai dai ba ya halatta wa kowa dukiyar ɗan'uwansa.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 120 ya ba mutum damar soke abin da ya kama tun da wuri, a cire masa ɗan abin da ya dace kawai. Sashe na 127 ya haramta sharuɗɗan da suka karkata ga ɓangare ɗaya har suka zama zalunci. Sashe na 130 ya ce mai saye yana da haƙƙin a yi masa aiki a kan lokaci, a kuma sanar da shi da wuri idan jinkiri ya zama dole, in aka gaza a gyara ko a mayar masa da kason kuɗinsa da ya dace. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yi hukunci a ƙarar wani fasinja da wani kamfanin sufuri ya hana kuɗin tikitinsa bayan mota ta ɗauki sa'o'i ba ta tashi ba. Kotu ta ce ƙa'idar "ba a mayar da kuɗi" ta saɓa wa doka, ta kuma sa a biya shi diyyar naira 500,000.

Adalci dai fuska biyu gare shi, kuma a nan ne masu neman haƙƙi kan zarce. Telan da ya ɗinka rigar hawa ya gama aikinsa, ladansa ya halatta ko an yi hawa ko ba a yi ba. Matar da aka sa ta dafa abincin baƙi ta riga ta sayi shinkafa da mai. Mai doki wataƙila ya yi makonni yana ƙara wa dokin dawa da harawa da kanwa saboda wannan rana, ko ya biya motar da ta kawo shi. Masu shirya tsere sun buga riguna, sun sayi ruwa. Waɗannan kashe-kashe na gaskiya ne, kuma daidai ne a zauna a duba su. Abin da ba daidai ba shi ne a ce "kuɗi sun ƙare" ba tare da an nuna inda suka tafi ba. Wanda ya karɓi kuɗin jama'a shi ne ya kamata ya fito da lissafi, a cire abin da aka kashe, a raba ragowar. Idan kuma aka ce an ɗage zuwa wata rana, wanda sabuwar ranar ba ta yi masa ba ya cancanci a ba shi zaɓi.

Matsalar da ta fi yawa a karkara ita ce rashin shaida. Ana miƙa kuɗi hannu da hannu a gindin bishiya, kunya kuma ta hana a ce a rubuta. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta bashi. Saƙon waya mai ɗauke da adadin kuɗi da rana da abin da za a yi idan an fasa ya wadatar, haka ma shaidar tura kuɗi ta banki ko ta mai POS. Idan magana ta ƙi ci, akwai mai unguwa da dagaci da hakimi, akwai ofishin Hisba, akwai kotunan shari'ar Musulunci, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano da ita FCCPC.

Su ma hukumomi da sauran aiki a gabansu. Idan tun makonni aka hango cewa taro ba zai yiwu ba, jinkirta sanarwa zuwa jajibere na nufin talakawa su ci gaba da zuba kuɗi a kan abin da ba za a yi ba. Ina kira ga majalisar masarautar Gaya da shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da su sa sharaɗi: duk ƙungiyar mahaya ko ta wasanni da ke neman izinin taron da za a karɓi kuɗin mutane, ta fara rubuta yadda za ta mayar da kuɗin idan an fasa, ta karanta wa jama'a kafin ta karɓi ko naira ɗaya.